Ƙurar da Ba Ta da Mai Ita

A tsakiyar ƙasar Turkiyya, a yankin Kafadokiya inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa don kallon gidajen da aka sassaƙa a cikin duwatsu, akwai wani ƙauye mai suna Karain. Tsakanin 1975 da 1976 mutanen garin duka-duka 575 ne, amma a ɗan wannan lokaci mutum 11 suka rasu da ciwo iri ɗaya, wato ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. A sauran wurare, inda mutane ba su yi hulɗa da asbestos ba, da ƙyar ciwon ke kama mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara. Babu masana'anta a Karain, babu mahaƙar ma'adinai, babu wani kamfani da ya zubar da guba a rafinsu. Manoma ne kurum. An daɗe ana ɗaukar ciwon nasu tarin fuka ne, ana ɗura musu maganinsa suna mutuwa, har sai da Dokta Izzettin Baris na Jami'ar Hacettepe da ke Ankara ya bi diddigin lamarin, ya wallafa sakamakonsa a 1978. Abin da aka gano daga baya shi ne makashin yana cikin bangon ɗakunansu. Dutsen da suke yanka su yi gini da shi yana ɗauke da wani siririn zare da ake kira eriyonait, kuma tun ranar da aka haifi yaro yake shaƙarsa.

Mu a nan, da an ce asbestos, hankalinmu zai tafi kan silin da kwanon rufin da aka yi yayi a gine-ginen makarantu da ofisoshin gwamnati, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a masana'antar Bauchi. To amma asbestos tun asali dutse ne, daga ƙasa ake haƙo shi. Ma'adinai ne iri shida da ke fitowa zare-zare kamar auduga, kuma kowane zare yana tsagewa a tsaye ya zama zaruruwan da ido ba ya gani. Muddin yana kwance a cikin dutse bai dami kowa ba. Da zarar an fasa dutsen, ko an daka shi, ko mota ta bi ta kansa, sai zaren ya tashi ya daɗe yana yawo a iska. Idan ya shiga huhu jiki ba ya iya narkar da shi, tari ma ba ya fitar da shi duka. Sai ya zauna yana sukar nama a hankali, shekara 20, 30, har 50, kafin ciwo ya bayyana, kuma in mesoteliyoma ta bayyana, yawancin masu ita ba su cika wuce shekara guda da 'yan watanni ba. Eriyonait na Karain ba ya cikin waɗancan shida a lissafin doka, amma siffarsa da aikinsa a huhu ɗaya ne da nasu, har ma ya fi su muni, shi ya sa tun 1987 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Duniya ta yi ƙoƙari a kan asbestos na kasuwa. Fiye da ƙasashe 50 sun haramta shi: Afirka ta Kudu, wadda ta daɗe tana haƙarsa tana sayarwa, ta haramta a 2008, Turkiyya kuma a 2010. Amma dokar haramci tana aiki ne a kan mai shigo da kaya da mai masana'anta. Tudun da ke bayan gari ba ya jin doka. Ra'ayina a nan shi ne, asbestos ɗin da ke kwance a ƙasar ƙauye ya fi na masana'anta zama maraya, kuma maraicin nan ne ya sa nauyinsa ya rataya kacokan a wuyan hukuma. Leburan da ya kamu a wurin aiki yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da kamfanin da zai kai ƙara, lauyoyi ma suna rububinsa saboda akwai diyya a gaba. Matar da ta kamu saboda ta shafe ɗakinta da ƙasar da uwarta da kakarta suka yi shafe da ita, wa za ta kai ƙara? Babu mai ribar da za a matsa wa, babu kuma wanda zai ci riba in ya gano matsalar. In hukuma ba ta aika an auna ƙasar ba, har abada ba za a auna ba.

Shafen ɗaki ba misali ne na ƙirƙira ba, shi ne babbar hanyar da zaren ke shiga gidaje. A ƙauyuka masu yawa na Anatoliya, musamman a lardunan Eskishehir da Diyarbakir, akwai wata ƙasa da suke kira ak toprak, ma'anarta da Turkanci farar ƙasa. Da ita suke shafen bango, da ita suke daɓen rufin soro don hana yoyo, a wasu wuraren har jarirai ake barbaɗa wa a matsayin hoda. Ƙasa ce mai laushi, mai haske, kyauta kuma take, sai dai cike take da wani nau'in asbestos mai suna tiremolait. Haka aka samu a garin Metsovo da ke duwatsun arewa maso yammacin Girka, inda mata ke daka wata ƙasa da suke kira luto su dafa ta su shafe ɗaki, har hoton ƙirji ya nuna kusan rabin manyan garin suna da tabo a tantanin huhu. Haka kuma a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, can cikin tekun Fasifik, inda 'yan ƙabilar Kanak ke shafe bukkokinsu da wata farar ƙasa mai suna po. Al'ummomi uku da ba su san juna ba, kowacce ta ga farar ƙasa mai kyau a kusa da ita ta ɗauka, kowacce ta biya da huhunta. Akwai wata alama da ke tona asirin irin wannan wuri: a ƙasashen masana'antu maza ne suka fi kamuwa da mesoteliyoma, nesa ba kusa ba, domin su ne ke aikin jiragen ruwa da gine-gine, amma a waɗannan ƙauyuka mata suna kamuwa kusan daidai da maza, kuma ciwon kan zo musu da sauran ƙuruciya. Mai shara da mai shafe su ne a bakin ƙura. Da Turkiyya ta tashi tsaye ta yi bincike na ƙasa baki ɗaya, ta ƙirga masu mesoteliyoma 5,617 daga 2008 zuwa 2012, ta bi su zuwa garuruwansu na asali, ta ɗebo ƙasa ta auna, sai ta tabbatar da zaren a ƙauyuka 379, inda mutum fiye da 158,000 ke zaune.

Wannan bincike abin yabo ne, amma a lura da hanyar da ya bi: daga marasa lafiya da mamata ya faro, sannan ya koma kan ƙasa. Ga ciwon da ke ɗaukar shekara 30 kafin ya nuna kansa, wannan hanya kullum a makare take isowa. Labarin mutanen Karain da suka yi ƙaura zuwa Suwidin ya isa hujja. Sun bar ƙauyensu da ƙuruciya, suka zauna a Istokholm inda babu dutsen Kafadokiya ko ɗaya, suna shaƙar iska mai tsabta, suna zuwa asibitocin da ba su da na biyu. Da aka bi su a ƙarshen shekarun 1990, sai aka tarar cikin mutum 18 da suka rasu, 14 mesoteliyoma ce ta kashe su. A ƙirjinsu suka tafi da ƙauyen. Ma'anar wannan ita ce duk gawar da aka ƙirga yau labarin ƙurar shekara 30 da suka wuce take bayarwa, ita kuwa ƙurar da yara ke shaƙa yau ba za ta shiga littafin asibiti ba sai sun yi furfura. Jami'in da ke cewa ai ba a samu rahoton kowa ba, don haka babu matsala, bai fahimci ciwon da yake magana a kai ba.

Ba a cikin ɗaki kaɗai abin yake ba, kuma ba al'adar gargajiya kaɗai ke jawo shi ba. Aikin raya karkara ma yana tono shi. A gundumar Dunn da ke jihar Dakota ta Arewa a Amurka, an shekara da shekaru ana zuba wa hanyoyin burji tsakuwar da aka ɗebo daga tuddan yankin, sai a 2011 bincike ya nuna cewa hanyoyi masu tsawon fiye da mil 300 suna ɗauke da eriyonait irin na Karain, kuma mil 32 daga ciki motocin 'yan makaranta ke bi kullum. A garin Biancavilla na tsibirin Sisili a Italiya, mahaƙar dutsen Monte Calvario ce ta wadata garin da yashin gini da na hanya, har aka lura mesoteliyoma ta yi musu yawa, aka duba aka tarar da wani zaren da ba a ma san da shi ba a kimiyya kafin nan. A El Dorado Hills na Kalifoniya kuwa, ma'aikatan hukumar kare muhalli ta Amurka sun yi wata dabara a 2004 da ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon su kafa na'urar auna iska a kan sanda su tafi, sai suka ɗaura ta a jikinsu, wasu a daidai tsayin hancin yaro, suka shiga filin wasa suka buga ƙwallo, suka hau keke, suka yi gudu. Zaren da na'urar jikinsu ta kama ya ninka na na'urar da ke tsaye sau da yawa. Wato iskar gari tana iya fitowa lafiya lau a takarda, alhali yaron da ke tayar da ƙura da ƙafarsa yana cikin nasa gajimaren shi kaɗai.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasa ai halittar Allah ce, mutanen nan a kanta kakanninsu suka rayu, ajali kuma in ya zo ba ya jira. Babu mai jayayya da ajali. Amma maciji ma halittar Allah ne, ba wanda ke barinsa a ƙarƙashin gado da sunan tawakkali, kuma sananne ne a tarihin Musulunci cewa Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Batun kakanni kuwa, sun rayu a kan ƙasar, sun kuma mutu da ita ba tare da an san sunan abin da ya kashe su ba. Sannan kaka bai da katafila da tifa da injin niƙa dutse. Abin da fartanya za ta tono a shekara goma, injin ɗan kwangila zai baje shi a kan hanyar gari cikin mako guda. Dutsen na Allah ne, amma wanda ya fasa shi ya shimfiɗa a ƙofar makaranta mutum ne, da sa hannun wani jami'i a takardar kwangila.

Wata hujjar ta fi wannan ƙarfi, domin daga masana ta fito. An lura a Karain da Tuzkoy, wani ƙauyen Kafadokiya mai fama da wannan ciwo, cewa ciwon ya fi bin wasu dangi, yana tsallake wasu gidajen da ke kusa da su, kuma a 2011 ƙungiyar Michele Carbone da Joseph Testa ta gano a wasu iyalai biyu na Amurka cewa tawayar wata ƙwayar gado mai suna BAP1 tana sa mutum saurin kamuwa da mesoteliyoma. To, in gado ne, me ya kawo ɗora wa dutse laifi? Amsar ita ce gado yana bayyana wanda zai riga faɗuwa ne, bai wanke ƙurar ba. Ciwon ya bayyana a Metsovo da Sisili da Sabuwar Kaledoniya, tsakanin mutanen da babu jini ko aure da ya haɗa su, abin da ya haɗa su kawai zare ne a iska. A Metsovo kuma, da mata suka daina amfani da luto suka koma fentin kanti, adadin masu kamuwa ya riƙa sauka a shekarun da suka biyo, alhali jinin mutanen garin bai sauya ba. Ko da an yarda cewa gado na da nasa rabo, ba mu da ikon sauya wa mutum iyaye, amma muna da ikon sauya masa ƙasar shafe.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne mafakar kowace gwamnati. Ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da mutuwar mata wajen haihuwa, ina ta ga sukunin damuwa da ciwon da zai zo bayan shekara 30, ya kuma kama mutane ƙalilan? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba zan ce a ɗebi kuɗin rigakafin yara a zuba a nan ba. Sai dai ta ɗauka cewa aikin mai tsada ne, alhali tsadar tana ɓangaren jinkiri. Asbestos ba ya warwatse ko'ina kamar sauro. Yana tare da wasu sanannun duwatsu ne, musamman wani kore-kore mai santsi da masana ke kira safentin da danginsa, kuma masanin duwatsu zai iya zana iyakarsu a taswira. Da an san wurin, sauran matakan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: a rufe ramin da ake ɗibar ƙasar, a hana zuba tsakuwarsa a hanya, a lulluɓe filin makaranta da ƙasa mai tsabta ko ciyawa, a yayyafa ruwa in za a yi haƙa, a shafe tsofaffin bangaye da fentin da zai danne zaren. Da aka rufe mahaƙar Biancavilla aka zuba wa titunan garin kwalta, awon zaren a iska ya faɗi ƙwarai. Kalifoniya tun 1990 ta hana shimfiɗa hanya da tsakuwar safentin mai ɗauke da asbestos fiye da kashi 5 cikin 100, daga baya ta mayar da iyakar ƙasa da rubu'in kashi 1. Kwatanta wannan da abin da Tuzkoy ta ci: sai da gwamnatin Turkiyya ta gina sabon gari sukutum ta kwashe mutane, kusan shekara 30 bayan rahoton Baris, bayan an binne waɗanda aka binne. Tun ran gini ran zane.

Hujjar da ta fi ba ni tausayi ita ce ta mutanen ƙauyen kansu. Ranar da jaridu suka laƙaba wa Karain da Tuzkoy sunan ƙauyukan ciwon daji, an yi musu tambarin da ba ya gogewa. Wa zai sayi gida a can, wa zai kai ɗiyarsa, wa zai nemi aure? A El Dorado Hills ma an yi ta cacar baki tsakanin hukuma da masu gidaje da masu sana'ar dutse da yashi, waɗanda ke ganin rahoton zai karya musu daraja. Ba abin raini ba ne mutum ya ji tsoron a mayar da gadon ubansa kufai. Amma ɓoye gaskiya ba ya kare darajar gona, jinkirta faɗuwarta kawai yake yi, ya kuma ƙara mata gawawwaki. Abin da ke jawo tambarin ma shi ne labari ya fito ta bakin makoki. Inda aka auna da wuri, aka ce ramin nan ne mai matsala, wancan lafiyarsa ƙalau, ga kuma abin da za a yi, to tsoro yana da iyaka. Kuma tilas a faɗi wannan: duk hukumar da ta ce wa talaka ya daina amfani da ƙasar da yake samu kyauta, wajibinta ne ta kawo masa madadi. In ba haka ba zai saurari jawabi da rana, ya koma ramin da daddare.

Me ya haɗa mai karatu a Gusau ko Maraɗi da wannan labari? Mun riga mun ɗanɗani irinsa, da wani dutsen daban. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Aƙalla yara 400 suka rasu. Garin Bagega, ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, sai a 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, kuma a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. A can ma babu masana'antar da za a kama, dutsen garin ne da turmin gida. Bambancin shi ne dalma tana kayar da yaro cikin makonni, da suma da farfaɗiya, har duniya ta ji kuka ta kawo ɗauki. Asbestos ba ya yin wannan hayaniya. Dattijo ne zai fara haki, ruwa ya taru masa a ƙirji, a ce tibi ne, a ba shi maganin wata shida, ya rasu a gida. Tabbatar da mesoteliyoma yana bukatar a yanko tsoka a duba ta da gwaje-gwaje na musamman, abin da sai a manyan asibitocin koyarwa ake samu. Kuskuren da aka yi wa mutanen Karain kafin 1978 shi ne ainihin kuskuren da ya fi sauƙin yi a asibitin karkara a yau.

Masana duwatsu sun daɗe da rubuta cewa akwai safentin a cikin tsofaffin duwatsun arewa maso yammacin Najeriya, a zirin nan da ake haƙar zinariya, akwai kuma dutsen hoda mai laushi a yankin Kagara. A sassa da dama na duniya irin waɗannan duwatsu ne kan zo da zaren asbestos, ko da yake ba kowannensu ke ɗauke da shi ba, awo ne kaɗai ke rarrabewa. Haka farar ƙasar da matanmu ke shafen ɗaki da ita: fari ba shaida ba ne, yawancin farar ƙasa yumɓu ne ko alli da ba su da wannan zare, kuma babu dalilin da zai sa wata ta watsar da ƙwaryarta saboda wannan rubutu. Wajibin a kan masu na'ura yake. Najeriya tana da hukumar binciken duwatsu da ma'adinai wadda asalinta ya koma 1919, tana da sassan nazarin duwatsu a jami'o'in Zariya da Jos da sauransu, ga hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tun 2007. Taswirorin da aka zana don neman arziki su ne dai za a buɗe a nemi haɗari, a ɗora sunayen garuruwa a kansu, a ga waɗanda ke zaune a kan safentin, a fara da su.

Kirana ga gwamnonin jihohin da ke kan waɗannan duwatsu da ma'aikatunsu na ayyuka shi ne su sa sharaɗi ɗaya a kowace kwangilar hanyar burji da kowane lasisin fasa dutse: kafin tifa ta ɗebi tsakuwa daga sabon rami, a kai samfurinta ɗakin gwaji, a liƙa sakamakon a takardar biyan kuɗi. Likitocin ƙirji kuma, in mai ruwa a ƙirji ya sha maganin tibi bai ji sauƙi ba, su tambaye shi garin da aka haife shi da irin ƙasar da ake shafen ɗaki da ita a gidansu, su rubuta amsar a katinsa.